'Yan Aladun Ammu Mikha'il

Danladi, Rahila, da kai Markus da ba a haife ka ba a lokacin: akwai wata shida a rayuwata da kowa a garinmu ya ba ku labarinsu, ban da ni. An ce muku na auri Balarabiya a Masar. An ce ɗaure ni aka yi a kurkuku. Gwaggonku Asabe ma har ta koma ga Ubangiji tana rantsuwa cewa wani asiri aka yi mini na manta hanyar gida. Ban taɓa tsayawa na ƙaryata kowa ba, domin gaskiyar ta fi duk waɗannan ban dariya, ni kuma a lokacin ina da sauran girman kai. Yanzu ido ya fara gazawa, hannu yana rawa, girman kan ya tafi abinsa. Abin da ya tsare ni a Alƙahira 'yan aladu ne, ƙanana, tsumburarru, guda goma sha tara.

A matsayin kuku na je Masar. Alhaji, wanda na yi wa girki shekara huɗu a Kaduna, aka tura shi aiki ofishin jakadanci, ya ce shi ba zai iya da tuwon kowa ba sai nawa. Muka sauka a unguwar Dokki, a wani dogon bene, hawa na biyar. Kicin ɗin yana da ƙofar baya wadda take buɗewa kan wata siririyar matakala ta ƙarfe, kuma ta nan mai kwasar shara yake hawowa kowace safiya, da ƙaton kwando a bayansa. Dattijo ne gajere, mai faɗin kafaɗa, gashin bakinsa fari fat. Sunansa Mikha'il, amma kowa Ammu Mikha'il yake ce masa, wato kamar mu ce baffa. Na yi kusan shekara ina miƙa masa bokiti yana miƙo mini, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata rana na leƙa na same shi tsugune a kan matakala, yana tsince guntayen burodi daga cikin fasasshiyar kwalba, yatsansa yana jini. Da ɗan Larabcina na kasuwa na tambaye shi me zai yi da su. Ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya tura hanci ya yi gurnani irin na alade, a hankali don kada mutanen gida su ji. Dariya ta kama ni har na dafa bango. Na ce masa ai ni a cikinsu na girma, uwata tana da su a bayan gida can ƙasar Zonkwa. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini ɗan gicciyen da aka tsaga masa a wuyan hannu tun yana jariri. Daga ranar bokiti biyu nake ajiye masa, ɗaya na ragowar abinci zalla, ɗaya na sauran tarkace. Sunana Yohanna ya yi masa tsawo, ya mayar da ni Hanna.

A shekara ta uku, cikin tsananin zafi, Alhaji ya kwashi iyalinsa suka tafi hutu gida, aka bar ni da gidan. Zazzaɓi ya kama ni. Na ɗauka irin wanda na saba ne, na sha magani na kwanta. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne na je ɗebo ruwa a kicin, sanyin siminti ya yi mini daɗi a kumatu. Sauran labarin daga baya aka ba ni. Ammu Mikha'il ya hawo safiya ta farko bai ga bokiti ba, ya ce ko na makara. Ta biyu ya ƙwanƙwasa, shiru. Ta uku ya sauka ya tasa bawwab, wato mai tsaron ƙofar benen, a gaba, ya ce sai an buɗe. Bawwab ya ce ba shi da izinin buɗe gidan ma'aikacin jakadanci. Ammu Mikha'il ya ce to shi zai ɓalle ƙofar, a kira 'yan sanda su kama shi. Da aka buɗe, shi ya saɓa ni a bayan nan da yake ɗaukar kwando, ya sauko da ni hawa biyar. Taifod ne. Na yi kwana goma sha biyu a asibiti, kuma da aka sallame ni ko tsayuwa ba na iya yi sai an riƙe ni. Ya dube ni ya ce ba zai mayar da ni gidan da babu mai ba ni ruwa ba. Ya sa ni a bayan wata tsohuwar akori-kura, muka nufi unguwarsu a gindin dutsen Muƙattam.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar farko na so in gudu. Sharar birnin nan gaba ɗaya can take kwana. Lungu-lungu buhuna ne jibge har saman rufi, ga ƙuda, ga wari mai shiga har cikin haƙori. Mata suna zaune a ƙofar gidaje suna tsince ta da hannu: roba gefe, takarda gefe, ƙarfe gefe, ragowar abinci kuma a kai wa aladu a zariba, wato shingen da ke bayan kowane gida. Amma da aka hau da ni ɗakin sama, na tarar da shimfiɗa fara tas, an share, an yayyafa ruwa. Matarsa, Ummu Girgis, doguwa ce, mai murya kamar tana faɗa ko da addu'a take yi. Ɗansu ɗaya namiji, Girgis, yana aikin soja na dole, 'yan matan duk sun yi aure. Gadon Girgis aka ba ni. Mako uku matar nan tana ɗura mini miyar wake ja da romon kaza, tana tsaye a kaina har sai na shanye.

"Ci, ya Hanna," take cewa. "Matarka ba ta aiko ka nan don ka mutu a hannuna ba. Yalla, maza ci."

Da na fara samun ƙarfi sai na riƙa zama a bakin rufi ina kallon zariba. Nan na ga yadda suke yi. A juye abinci wuri guda, manya su danne, matsakaita su samu abin da ya fallatsa, ƙananan da aka yaye kwanan nan kuwa su yi ta zagaye suna tsuwwa, ana take su. Bayan kwana biyu sai ka ga ɗaya ya raɓe a jikin bango, gashi ya tashi, ƙashin baya ya fito. Kwana uku a fitar da gawarsa. Na yi wa Ammu Mikha'il magana. Ya ɗaga kafaɗa.

"Waɗannan rabon Ubangiji ne," ya ce. "Kowace haihuwa yana ɗaukar nasa."

Na ce masa da uwata tana nan da ta yi gardama da shi, domin ita tana cewa Ubangiji bai roƙi kowa ɗan alade ba, sakaci ne ke kai masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in gaishe ta. Maganar ta tsaya nan. Alhaji ya dawo, na koma bakin tukunyata.

Tsakiyar watan Nuwamba aka ce aikin Alhaji a Masar ya ƙare. Murna a wurina ba a magana. Ya riga ya nema mini aikin kuku a wani gidan saukar baƙi na gwamnati a Kaduna, aiki mai fansho, irin wanda ban taɓa mafarkinsa ba, da sharaɗin in kai kaina kafin sabuwar shekara. Na rubuta wa mahaifiyarku cewa da ni za a yi Kirsimeti. Na shiga kasuwar Ataba na sayo wa Danladi takalmi mai igiya, Rahila 'yar riga mai fure, mahaifiyarku Saratu kuma mayafi. Saura kwana goma mu tashi, sai na buɗe ƙofar baya na ga baƙuwar fuska da kwandon. Surukin Ammu Mikha'il ne. Ya ce dattijon ya zame a matakalar wani bene da kaya a bayansa, ƙashin ƙugu ya karye, yana asibiti.

Ranar Lahadi na je Muƙattam. Ummu Girgis ta rame, muryar nan ta dushe. Ta ja ni zuwa zariba. Uwaye uku ne suka haihu kusan lokaci guda. Surukin da ya karɓi zagayen sharar yana raba abincin biyu, rabi ga nasa aladun, kuma ba wanda zai ga laifinsa tunda shi ke hawa da sauka. Uwayen suka rame, nono ya ƙafe tun 'ya'yan ba su cika mako huɗu ba, suka fara harbinsu suna kwanciya a kan ciki. Yaye ya zo musu ba shiri. Na ƙirga, goma sha ɗaya suna da ɗan ƙwari, za su iya kokawar neman abinci. Goma sha tara kuwa ba su fi tafin hannuna biyu ba, suna cure a kusurwa suna rawar ɗari, don sanyin Alƙahira a wannan wata ba wasa ba ne. Ku gane, a gidan nan roba da takarda su ne burodin yau da gobe, amma aladu su ne likita, su ne rufin ɗaki, su ne komai na ranar wahala. Ga mai gida a kwance, ba a san ko zai sake hawa bene ba. Ita kaɗai ce, ga jinya, ga tsintar shara, ga zariba.

"Zan bar su," ta ce. "Hannuna biyu ne, ya Hanna. Khalas, shi ke nan."

Kwana uku ina juya abin a raina, har na ƙona wa Hajiya, matar Alhaji, shinkafa, abin da ban taɓa yi ba. Rana ta huɗu, bayan ya idar da sallar la'asar, na durƙusa gaban Alhaji na faɗa masa ba zan bi jirgin ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Aladu, Yohanna?"

"Su ne, ranka ya daɗe."

"Ka san aikin Kadunan nan ba zai jira ka ba. Mutum nawa ne ke layi a kansa."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Saratu fa? Da yaran?"

Na sunkuyar da kai. Ya yi ta jan carbi, har na ɗauka fushi ya yi. Sannan ya ce:

"Ni dabbar nan addinina ya hana ni, ko kusa da ita ba na zuwa. Amma bai ce in hana mutum rama alheri ba. Da dattijon nan bai sa an buɗe ƙofa ba, da ni zan je in tsaya gaban Saratu in yi mata bayanin gawa. Kawo fasfo ɗinka in gani."

Izinin zamana yana da sauran wata bakwai. Ya sa aka ɗage mini ranar tikiti, ya karɓi tsarabarku ya ce da kansa zai aika. Abu ɗaya ya ƙi.

"Bakina ba zai kai wannan labari ba. Wasiƙar da hannunka za ka rubuta."

To, a nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne, kuma shi nake so ku sani. Na zauna da takarda na kasa rubuta kalmar. Na hango dattawan majami'a suna karantawa, na hango 'yan'uwan Saratu suna cewa mijin 'yarsu ya bar aikin gwamnati ya tafi kiwon alade a kan juji. Sai na rubuta cewa wani aiki mai muhimmanci ya riƙe ni, zan dawo in ya ƙare. Layi huɗu. Da na faɗi gaskiya, da an yi mini dariyar mako guda an manta. Da na ɓoye, sai kowa ya cika gurbin da abin da ya ga dama, kuma mahaifiyarku ce ta sha jin sa a bakin rijiya, kai kuma Danladi a filin makaranta.

Ranar da jirginsu ya tashi na koma ɗakin Girgis da jakata. Abu na farko, na raba su. Na samo tsofaffin katakai da ƙyauren wata firiji da aka yar, na datse kusurwar zariba inda rana ke fara sauka, na shimfiɗa ƙaran shinkafa mai kauri, na rufe rabin wurin da buhuna ya zama kamar ɗan akurki. Goma sha taran nan na zuba su ciki, babu babba ko ɗaya da zai ture su. Na yanka tsohuwar taya gida biyu ta zama kwamin abinci marar zurfi, yadda ɗan ƙarami zai kai bakinsa ba tare da ya faɗa ciki ba. Sai abinci. A gida uwata kunun dawa take dama musu, nan kuwa babu dawa, amma akwai abin da Masar ba ta rasawa, wato busasshen burodi. Ina tsince mai kyau, wanda bai yi fumfuna ba, in duba shi da yatsa ɓalli-ɓalli saboda kwalba da allura, in jiƙa, in dafa da dusar alkama har ya zama kunu mai ruwa-ruwa. Akwai wani mai yin cuku a ƙasan unguwa da ke zubar da ruwan da ya tsiyaye daga cukun. Na roƙe shi, kullum da safe in je da jarka. Lokacin kuma ya faɗo cikin dogon azuminsu na kafin Kirsimeti, wanda ba sa cin nama ko ƙwai, don haka ƙwan kajin da ke kan rufi ya zama namu. Ummu Girgis tana fasa su cikin kunun tana mita.

"Ni ina cin wake da mai, alade yana cin ƙwai. Ubangiji, kana dai gani."

Wahalar ba dafawa ba ce, koya musu ci ne. Ɗan aladen da nono kawai ya sani bai san abin da ke cikin kwami abinci ne ba. Ɗaya bayan ɗaya nake ɗaukarsu, in tsoma yatsa cikin kunun da ɗuminsa, daidai ɗumin jiki, in sa masa a baki. In ya fara tsotsa, sai in riƙa saukar da yatsan a hankali har hancinsa ya taɓa kunun. Wani ya gane a karo na biyu, wani sai an kwana uku ana fama. Akwai wata 'yar baƙa mai farin goshi da ta ƙi sam, sai da na ɗauko ɗaya daga cikin masu ƙwarin nan, mai sanyin hali, na sa shi cikinsu. Da ta ga yana lasa yana kaɗa wutsiya, kishi ya sa ta tura kai. Kaɗan-kaɗan nake ba su, sau shida daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, domin cikinsu bai fi ƙwai ba. Abin da suka rage in kwashe in ba manya, in wanke tayar, don kunun da ya yi tsami guba ne gare su. Ruwan sha daban, mai tsabta. Na lura fatarsu ta yi fari, kunnuwa kamar takarda, sai na tuna uwata tana haƙo musu jar ƙasa su yi ta tono. A Muƙattam babu ƙasar da zan yarda da ita. Na hau mota har bayan Giza, na roƙi wani manomi, na cika buhu da ƙasar gonarsa da saiwoyin ciyawa a jiki. Mutanen cikin mota suna ta tambayata me baƙon nan zai yi da ƙasar Masar. Na ce tsaraba ce.

Mako biyu ban rasa ko ɗaya ba, kai ya fara kumbura. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna kallon baƙin mutumin da ke shayar da alade da yatsa. Sai ranar nan surukin ya kawo ragowar wani babban biki daga otal, shinkafa mai maiƙo, da kayan zaƙi na madara, tuli guda. Na ce yau 'ya'yana za su ci daɗi. Ni da na yi shekaru ina girki, na san ba a ɗaukar mai jinya daga kunu a kai shi kan maiƙo rana ɗaya, amma zumuɗi ya rufe mini ido. Na cika musu taya. Washegari zawo ya ɓarke a akurkin gaba ɗaya. Idanu suka faɗa, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsu. Na dakatar da komai, na dafa ruwan shinkafa da ɗan gishiri da sukari, ina ɗura musu da cokali, ina sauya shimfiɗa sau uku a yini. Cikin kwana biyu uku suka mutu. Rana ta huɗu 'yar baƙar nan mai farin goshi ta bi su, a kan cinyata. Na zauna a bakin zariba na rufe fuska. Ba don alade kaɗai ba. Ranar ce ashirin da biyar ga Disamba, na san kuna can kun sa sababbin kaya kuna duban hanya, ni kuma ga abin da na bar ku dominsa ina kashewa da hannuna. Ummu Girgis ta zo ta tsaya a kaina. Na jira faɗa.

"Nawa suka rage?"

"Goma sha biyar."

"Da ba ka zo ba, da nawa za su rage?"

Na share fuska da hannun riga.

"Ma'alesh, yi haƙuri. Tashi, lokacin cinsu ya yi. In za ka yi kuka, ka yi kana damawa."

Na tashi. Daga ranar ban sake sauya musu abinci farat ɗaya ba. In zan ƙara wani abu, ɗan kaɗan nake sakawa cikin wanda suka saba, in jira kwana uku in ga bayan gidansu. A hankali kunun ya yi kauri, na fara haɗa dafaffen dankali da kabewa da ganyen kabeji, na rage yawan ci daga shida zuwa huɗu, zuwa uku. Wata safiya na zo da bokiti sai na ji sun tarye ni da ihu suna hawa kan juna, har ɗaya ya cije ni a ɗan yatsa. Ban taɓa jin daɗin cizo irin na ranar ba.

An dawo da Ammu Mikha'il gida bayan Kirsimetinsu, wadda suke yi cikin Janairu. Ya sa aka ɗauke shi da kujera aka ajiye a bakin zariba. Ya daɗe yana kallonsu, yana ƙirgawa da leɓe. Sannan ya kamo hannuna ya riƙe, hawaye yana bin farin gashin bakin nan. Sai ya ce:

"Ashe uwarka ce ke da gaskiya. Mu ne muke kai masa."

Kuna iya tambaya me ya sa ban taho a lokacin ba. Na yi niyya. Amma uwa ta huɗu ta haihu, dattijon bai fara taka ƙasa ba, kuma mata biyu daga maƙwabta sun riga sun datse kusurwar zaribarsu suna kirana in duba musu kaurin kunu. Na ce sai Girgis ya dawo. Ya dawo cikin watan Mayu, saurayi mai kama da ubansa, na nuna masa komai, har inda nake samo ƙasa. Goma sha biyar ɗin nan duk sun kama, sun shiga cikin manya suna ture na turewa. Da kuɗin wasu daga cikinsu aka yi wa Ammu Mikha'il aiki na biyu a ƙugu, wanda ya sa ya sake tafiya, ko da yake da sanda. Bai ƙara hawa bene ba, amma da ƙafarsa ya raka ni har bakin titi ranar da zan tafi. Ummu Girgis ta cusa mini ƙullin busasshen burodi mai kanumfari da wani baƙin gyale, ta ce na matata ne, in ce mata wata tsohuwa a Masar tana neman gafararta. Ban sake ganinsu ba. Wasiƙa biyu muka yi musaya ta hannun wani limamin cocinsu, daga nan shiru. Amma ba ranar da nake addu'a ban ambaci sunansu ba, su da Alhaji, wanda har ya rasu bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya tsare ni ba, kuma bai taɓa yi mini gori a kan aikin da na watsar ba.

Aikin kam ya tafi. Wanda ya samu ya yi ritaya da fansho da gida a Kaduna, ni kuwa kun san yadda muka yi, daga wannan kicin zuwa wancan, har ƙarfi ya ƙare. Ba zan ce muku bai taɓa yi mini ciwo ba, musamman shekarar da Rahila ta zauna a gida zango guda don rashin kuɗin makaranta. Danladi, takalmin nan na san ka ƙi sa shi ranar Kirsimeti, ka ce sai na zo, har ya matse ka ba ka taka shi ba. Mahaifiyarka ta gaya mini. Ban taɓa ba ka haƙuri ba. Ina ba ka yanzu.

Na iso gida cikin watan Yuni, damina ta riga ta zauna. Tun daga hanya na ga gonarmu an yi huɗa, masara ta kai gwiwa, kuma na san hannun wa ya yi. Na tarar da Saratu a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan rariyarta. Ba sannu da zuwa, ba ruwa. Na ajiye jaka, na tsaya kamar baƙo, na fara ba ta labari tun daga bokiti biyu, da zazzaɓin da ban taɓa rubuta mata ba, da bayan da ya sauko da ni hawa biyar, har zuwa kalmar da na kasa sawa a takarda. Na faɗe ta a fili. Hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya.

"Wata shida ina jin an ce kishiya gare ni fara mai dogon gashi," ta ce. "Ashe masu wutsiya ne."

Ban san ko in yi dariya ba, don fuskarta ba alamar wasa.

"Da ka rubuta mini haka, Baban Danladi, da ni zan ce ka zauna. Mutumin da ya ɗauke ka a baya? Abin da ya ƙona mini rai, ka ɗauka ba zan gane ba."

Na ce na yi laifi. Ta karkaɗe hannu a zane, ta miƙe, har ta kai ƙofar ɗaki sai ta juyo.

"Nawa suka rayu?"

"Goma sha biyar cikin goma sha tara."

"Huɗun fa?"

"Ni na kashe su da maiƙo."

Ta girgiza kai, irin yadda take yi wa yaro idan ya zubar da miya.

"Kuku guda. Shigo ka ci abinci."